Yadda ake feɗe taurari da jigo a tsofaffin littattafai, mataki-mataki

Tun da aka koma makaranta bana, da wuya mako ya wuce ba a tare ni da tambaya guda ba. Wani ya same ni ƙofar gida bayan La'asar, wata ta aiko ƙanenta da ƴar takarda, wasu kuma sai sun bari an ɗora shayi na biyu a fadarmu ta Ali Ɗan Sofo sannan su ɓullo da ita: "Malam, an ba mu littafi an ce mu fitar da taurari da jigo, ta ina ake farawa?" Yawancinsu ƴan lise ne masu shirin bak, wato jarrabawar kammala sakandare, sai ɗaliban jami'a, sai kuma malaman da ke koyarwa da Hausa a makarantun harshe biyu. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki, yadda nake yin aikin da hannuna. Taurari dai su ne mutanen da ke cikin labari, jigo kuwa shi ne babban saƙon da labarin yake ɗauke da shi.

Zan ɗauko misalai daga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda duk ƴaƴan yunƙurin rubuta ƙagaggun labarai ne da aka fara a Zariya a 1933. In kuwa littafin da aka ba ka na Faransanci ne, ko Sarraounia na Abdoulaye Mamani ko Une si longue lettre na Mariama Bâ, hanyar ɗaya ce, harshen kawai ya bambanta.

1. Tanadi kayan aiki

Abu na farko littafin kansa, cikakke, daga bango zuwa bango. Tsofaffin littattafan Hausa galibi bugun kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne, ta Katsina ko Kano suke shigo mana. Ka leƙa wurin masu sayar da littattafai a babbar kasuwa, in babu ka ba wani mai zuwa Katsina sautu. Kuɗinsu yana bin canjin naira, amma sirara irin Shaihu Umar da Ruwan Bagaja in ka ware jika 1 zuwa 2 na sefa ka wadatu. Sai sabon kaye mai shafi 100, wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba, da bik biyu, shuɗi da ja, da fensir da rula. Waɗannan duka ba su cinye jika guda ba. In aro ka yi, kada ka yi rubutu a littafin mutane. Yanka ƴan takardu sirara ka riƙa saƙalawa a tsakanin shafuka.

Lokaci ma kayan aiki ne. Ka ware kwana 7 zuwa 10, awa ɗaya ko biyu kullum. Ni na fi son bayan Asuba, kafin gari ya ɗau zafi, kafin kabu-kabu su cika titi da ƙara.

Hattara: taƙaitawar nan da ake turawa ta WhatsApp ba ta zama madadin littafi. Wanda ya rubuta ta ya riga ya zubar da ƙananan abubuwan da aikinka yake buƙata, wani lokaci ma shi kansa daga wata taƙaitawar ya kwafo. In kuma fotokopi ya zo hannunka, ƙirga shafukan tun a wurin. Na taɓa ganin yara 6 sun shirya gabatarwa a kan kwafin da shafi biyu na ƙarshe suka ɓace, ba wanda ya lura sai a gaban aji. Ka rubuta shekarar bugun da kake amfani da shi a shafin farko na kayenka, domin lambobin shafi suna sauyawa daga bugu zuwa bugu.

2. Karatun farko, babu bik a hannu

Karanta shi kamar yadda kake sauraron tatsuniya a bakin kaka. Kada ka tsaya neman jigo, kada ka ja layi. Shaihu Umar zama biyu ya ishe shi. Da ka rufe littafin, buɗe kaye ka rubuta abu biyu kawai: wurin da ya fi taɓa ka, da mutumin da ka kasa yanke hukunci a kansa. Ajiye su, za mu dawo kansu.

3. Zare ƙashin labarin

Ba tare da duba littafin ba, rubuta abin da ya faru cikin layi 10 zuwa 12, bi da bi. Sannan ka buɗe ka gyara inda ka kauce. Na Shaihu Umar zai yi kama da haka: malami ne a Rauta yake ba almajiransa tarihinsa, an haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, mahassada suka sa sarki ya kori Makau, aka sace Umar yana yaro, kura ta cinye wanda ya sace shi, wasu mutane suka tsince shi suka riƙe, maharan bayi suka sake kama shi, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙasarsu, ya sa shi karatu har ya zama malami, uwar ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, suka sadu bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta rasu, guguwar rairayi ta hallaka ayarinsu a hamada, shi ya tsira.

Amfanin wannan ƙashi shi ne ya hana ka ɓata a matakan gaba. Ba shi za ka miƙa wa malami ba.

Hattara: nan ne rabin ɗalibai suke tsayawa. Su sake ba da labarin cikin shafi 4, su rubuta "sharhi" a samansa. Malaminka ya san labarin tun kafin a haife ka. Abin da yake nema shi ne me ka gani a ciki.

Hattara ta biyu, ga wanda aka ba Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i 3 tsakanin 1937 da 1939: labari ne cikin labari. Akwai babban zare, na aku da Musa ɗan sarki da makircin Waziri, akwai kuma labaran da akun yake bayarwa don ya riƙe Musa kada ya fita. Tambayi malaminka tun farko, zaren ake so ko wani labari guda. Wanda ya haɗa su duka a kwando ɗaya ba ya fita.

4. Karatu na biyu: ba kowane tauraro shafinsa

Yanzu aikin ya fara. Fitar da sunayen duk waɗanda suka motsa labarin. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in aka cire mutum labarin ya karye, ya cancanci shafi, in aka cire shi ba abin da ya canza, layi ɗaya ya ishe shi. A siririn littafi da wuya su wuce 5 ko 6. Ba kowannensu shafi biyu masu fuskantar juna, ka rubuta sunansa a sama, ka sa rula ka raba wurin gida huɗu. Gida na farko: abin da ya aikata. Na biyu: abin da ya faɗa da bakinsa. Na uku: abin da wasu suka faɗa a kansa, tare da sunan mai faɗin. Na huɗu, ɗan siriri a gefe: lambar shafi.

Sai ka sake karatu a hankali da shuɗin bik, kana cike gidajen. Doka ɗaya nake kafa wa yarana a nan, kuma ba na sassauta ta: ba a rubuta siffa a wannan mataki. Babu "mai haƙuri", babu "azzalumi", babu "jarumi". Aiki kawai. Maimakon "Makau mutumin kirki ne", rubuta "ya auri uwar Umar, ya riƙe yaron". A ƙarƙashinsa rubuta "ya fita harin kamun bayi tare da mutanen sarki". Ka ga da ka fara da "mutumin kirki", da wannan layi na biyu bai sami wurin zama ba, da idonka ya tsallake shi ba ka sani ba. Siffa in ta riga shiga kai, sai ta tsaya bakin ƙofa tana tace abin da zai shigo.

Gida na uku shi ya fi kama mutane. Fadawa sun gaya wa sarki cewa Makau ya ɓoye wasu daga bayin da ya kamo. Wannan magana gida na uku za ta shiga, a rubuta gefenta "in ji fadawa masu hassadarsa". Sau da yawa nakan karɓi takarda in ga an sa "Makau ya ɓoye bayi" a jerin ayyukansa. Ɗalibin ya zama kamar sarkin ke nan, ya ji daga bakin maƙiyi ya yanke hukunci. Duk abin da aka faɗa a kan mutum, tambayi wa ya faɗa, me zai samu in an yarda.

Ka kula da ƙananan abubuwa ma: sunan da marubuci ya zaɓa, laƙabi, yadda ake kiran mutum a fada da yadda ake kiransa a gida, irin karin maganar da ke fitowa daga bakinsa. Yaron da aka haifa a Jiki Magayi ana kiransa Kyauta. Rubuta wannan, ka zagaye shi. Can gaba, sa'ad da ka ga abin da kyautar ta zama ga uban da ya yi ta neman ta, za ka gode wa kanka.

Hattara: kada ka bar lambar shafi "sai daga baya". Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren gabatarwa za ka tuna akwai wata magana da ta dace, ka yi ta juya littafi da hasken waya ba ka gan ta ba.

5. Nemo mararraba

Wannan mataki shi na fi ƙauna, shi ne kuma inda nazari yake rabuwa da haddar labari. Koma gida na farko na kowane tauraro, ɗauki jan bik, ka sa alama a duk inda mutumin yake da hanya biyu a gabansa ya ɗauki ɗaya. Abin da ya faɗo wa mutum daga sama ba ya nuna halinsa. Abin da ya zaɓa, alhali yana iya barinsa, shi ke nunawa.

Gwada da Umar, za ka sha mamaki. An sace shi, an tsince shi, an kama shi, an tafi da shi, an sa shi karatu. Jan bik zai yi ta shawagi a kan shafinsa yana neman wurin sauka. Juya shafin uwarsa kuwa: tana iya zama ta rungumi ƙaddara, kowa zai ce ta yi daidai, amma ta tashi ta bi ɗanta, ta amince da wanda ya yi mata alkawarin kai ta gare shi, ta biya da ƴancinta.

Na tuna wata yammar Asabar muna zaune a tabarma ƙarƙashin dogon yaro a tsakar gidana, yara 8, kowa da kayensa a cinya. Wata yarinya ƴar aji na ƙarshe, wadda ba ta cika magana ba, ta daɗe tana kallon shafukan nan biyu, ta sa yatsa tana ƙirga jajayen alamomin. Can ta ɗago ta ce, "Malam, to ai uwar ta hi shi motsi. Shi ɗaukar shi ake yi, ita ce ke tahiya da ƙahwarta." Na ce, "Ƴata, rubuta shi yadda kika faɗa, kada ki gyara." Ba a wani littafin sharhi ta samo wannan ba, a kayenta ta gan shi. A kansa ta gina gabatarwarta duka.

Wannan bai cire Umar daga matsayin babban tauraro ba. Labarin nasa ne, da shi aka buɗe, da shi aka rufe. Sai dai yanzu kana da abin faɗa a kansa wanda ya fi "mai haƙuri": mutum ne da rayuwa ta yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu, abin da ya riƙe da kansa shi ne karatu.

A kowace mararraba yi tambaya uku ka rubuta amsar a ƙasan shafi: me yake so, me ya tare masa hanya, me ya yarda ya rasa don ya samu. Abubakar na Jiki Magayi yana son Zainabu, dukiyar Malam Shehu ta raba su. Mararrabarsa ita ce ya haƙura ko ya rama. Ya zaɓi ramuwa, ya bar gari ya shiga duniya neman abin da zai lalata ɗan da Zainabu za ta haifa wa Malam Shehu, wato Kyauta. To me ya rasa? Ƙirga da kanka, shafi bayan shafi, za ka ga ramuwar ta ci shi kafin ta ci wanda ya nufa. Zainabu kuma ka duba da kyau, zaɓi nawa aka bar mata, nawa aka yi a madadinta.

Sai yanzu aka yarda ka rubuta siffa, kuma kowace siffa sai da ayyuka biyu aƙalla a bayanta. Duba kuma ko mutumin ya sauya tsakanin shafin farko da na ƙarshe, in ya sauya a wane shafi, me ya jawo.

Ka tuna mutumin da ka kasa yanke wa hukunci a mataki na 2? A Shaihu Umar yawanci Abdulkarim ne. Ya ɗauki yaro bawa ya mai da shi ɗa, ya ba shi ilimi. Shi ɗin dai mai sayen bayi ne. Kada ka goge ɗaya don ɗaya ta zauna lafiya. Rubuta su biyun, ka bar su suna kallon juna. Irin wannan tauraro shi ke ba ka sakin layi mafi daɗi a duk aikin.

Hattara: babban tauraro ba lalle ne ya zama na gari ba. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da dabara da yaudara yake ratsa garuruwa, shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami. Wanda ya rubuta "Alhaji Imam mutum ne mai gaskiya" don kawai shi ne babban tauraro, ya nuna bai cike gidan farko ba.

6. Tambayi wa ke ba da labarin

Ɗan gajeren mataki ne, amma tsallake shi yana da tsada. Umar da bakinsa yake ba almajiransa labari, yana babban malami. Alhaji Imam ma da bakinsa yake ba da nasa, a gaban Koje Sarkin Labari. Duk abin da muka sani game da Zurƙe, daga bakin abokin karawarsa muka ji shi. Rubuta a kayenka: wa ke magana, wa yake gaya wa, me zai so a ɗauke shi. Malamin da ke gaban almajiransa akwai yadda zai tsara tarihinsa ya zama darasi, kuma wannan yana daga dalilan da suka sa muryar Umar take fita a natse ko a wuraren da ya kamata a yi kururuwa.

Hattara: kada ka haɗa mai ba da labari da marubuci. Alhaji Imam tauraro ne a takarda, Abubakar Imam mutum ne da aka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Sunan ya yi kama, shi ya sa ake yawan zamewa. In za ka ce "marubucin yana ganin kaza", sai ka nuna ta yadda ya tsara labarin, kada ka kafa hujja da abin da wani tauraro ya furta.

7. Jera su biyu-biyu

Ɗauki taurari biyu da abu iri ɗaya ya sama, ka dubi inda suka rabu. Umar da uwarsa duk sun shiga bauta, ɗaya ya fito malami, ɗaya ta ƙare a baƙuwar ƙasa. Malam Shehu da Abubakar duk sun nemi biyan buƙatarsu ta kan wani. Aku da Waziri duk da baki suke aiki a fada. Rabin shafi ya isa kowane biyu. Daga nan jigo yake fara leƙowa da kansa.

8. Fitar da jigo

Tsofaffin masu lambu a bakin Gulbin Maradi sun san jigo tun kafin zuwan injin ban ruwa: itacen nan da ake ɗaura wa guga, duk nauyin ruwan da za a ɗebo a kansa yake. Haka na littafi. Shi ne abin da ya ɗauki nauyin labarin duka, tun daga farko har ƙarshe.

Ga yadda nake nemo shi. Buɗe sabon shafi, ka koma ƙashin labarin da ka zare a mataki na 3, ka nemi abin da yake ta maimaituwa. A Shaihu Umar ƙirga rabuwa: mutuwa ta raba shi da uba, kora ta raba gidan da Makau, sata ta raba shi da uwa, hari ya raba shi da waɗanda suka tsince shi, mutuwa ta sake raba shi da uwar bayan an sadu, hamada ta raba shi da Abdulkarim. Shida ke nan a siririn littafi. Ruwa ba ya tsami banza. Sannan ka duba nawa daga ciki ne kamun bayi ko cinikinsu yake da hannu a ciki.

Bayan maimaici, duba ƙarshen labarin ka tambayi wa ya biya, wa ya ci riba. A Jiki Magayi manya ne suka ƙulla rigimar, amma Kyauta, wanda ba a ma haife shi ba sa'ad da aka fara, shi ya tashi ɓarawo, shi ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Sannan ka dubi sunan littafin, ka tambayi me ya sa aka zaɓe shi. Sai ka tuna wurin da ya fi taɓa ka a karatun farko. Sau da yawa yana zaune dab da jigon.

Yanzu rubuta shi sau biyu. Da farko kalma ɗaya ko biyu: bauta, ramuwar gayya, hassada. Malamai da yawa wannan suke so su fara gani, to ba su. Amma kada ka tsaya nan, domin kalma ɗaya ta faɗi abin da littafin yake magana a kai ne kawai, ba ta faɗi me ya ce ba. Mai da ita cikakkiyar jimla mai aikatau. Misali: "Cinikin bayi yana wargaza gida, har gidan wanda yake cin abinci da shi." Makau ya fita kamo ƴaƴan wasu, agolansa da matarsa suka ƙare a hannun masu wannan sana'a.

Wani zai ce a'a, jigon shi ne haƙuri da ilimi suna ɗaga mutum ko daga ina ya faro. Yana da hujja, ga Umar nan a Rauta almajirai sun kewaye shi. Ni dai na farkon ya fi nauyi a wurina, saboda uwar ma ta yi haƙurin da ya fi na kowa, kuma ba ta sake ganin gida ba. Amma in ɗalibi ya kawo na biyun da shafukansa, ya kuma faɗi yadda zai yi da uwar, zan ba shi makinsa cikakke. Wanda ya rage sai ya sauka cikin ƙananan jigogi, tare da hassadar fada da son uwa ga ɗanta. Ƙananan jigogi 2 ko 3 sun isa, kowanne da jimlarsa.

Hattara: "faɗakarwa", "wa'azantarwa", "nishaɗantarwa". Waɗannan kalmomi riga ce da ke shiga kowa. In abin da ka rubuta zai dace da littafi 50 ba tare da an sauya harafi ba, ba ka fitar da jigon wannan littafin ba tukuna. Faɗakarwa a kan me, ta bakin wa, a wane shafi?

Hattara kuma da karin magana. Yana da daɗi a ce jigon Jiki Magayi shi ne in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai karin maganar ta yi shiru a kan Kyauta, wanda bai gina ramin kowa ba ya faɗa. Sa karin magana ta yi wa jimlarka ado in ka so, kada ta zauna a kujerarta.

9. Gwada jigon kafin ka yarda da shi

Ɗauki jimlarka ka bi ƙashin labarin layi-layi, kana tambaya ko ta taɓa wannan layin. In ta bar fiye da kashi ɗaya cikin uku a waje, ƙaramin jigo ne ka kama. Sannan ka yi abin da ɗalibai ba sa so: nemi shafin da ya ƙaryata ka.

Wani yaro ya taɓa kawo mini cewa jigon Ruwan Bagaja shi ne gaskiya dokin ƙarfe, saboda an yi wa Liman, uban riƙon Alhaji Imam, dariya a fada da ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, daga ƙarshe kuma maganarsa ta tabbata. Na ce ya je ya ƙirga shafukan da Alhaji da Zurƙe suke damfarar juna da damfarar mutane. Ya dawo bayan kwana biyu ya ce, "Malam, ai su ne suka fi yawa." Jigon da ya bar su a waje ya bar rabin littafin ke nan. Muka zauna ya gyara, ya shigar da naci da dabara cikin jimlarsa, ya ƙara sakin layi guda a kan yadda aka wanke mai gaskiya ta hannun mai wayo. In ka sami shafin da ya saɓa maka, ko ka faɗaɗa jimlar ta ɗauke shi, ko ka ambace shi a fili ka ce ga dalilin da ya sa duk da haka ka tsaya a kan ra'ayinka. Ɓoye shi ne kawai ba a yarda ba.

10. Rubuta, sannan ka karanta da ƙarfi

Fara da ɗan gabatarwa: sunan littafi, marubuci, shekarar bugu, da labarin cikin layi 4 ko 5. Sai babban tauraro, sai sauran bisa nauyinsu, sai babban jigo da warwararsa, sai ƙanana. Tarihin marubuci layi biyu ya isa, sai fa in wani abu a rayuwarsa ya shafi hujjarka kai tsaye. Cewa Tafawa Ɓalewa ya zama firayim ministan Nijeriya gaskiya ne, amma cika shafi da shi ba zai ƙara maka maki a kan halin Makau ba.

Kowane sakin layi ya ɗauki abu guda: faɗi maganarka, kawo aikin da ya nuna ta, sa lambar shafi, sannan ka bayyana yadda aikin ya tabbatar da maganar. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, a jefo misali a wuce kamar zai yi wa kansa bayani. In ka ɗauko kalmomin marubuci, sa su cikin alamar zancen wani, kada su wuce layi biyu. In ra'ayin wani ka ara, faɗi na wane ne.

Da ka gama, nemi wanda bai karanta littafin ba, ko innarka ce tana tsince shinkafa, ka karanta mata da ƙarfi. Duk inda ta ce "kamar yaya?", sa alama da fensir, nan ne ka tsallake bayani. In gabatarwa ce a gaban aji, auna lokacin da agogon waya; shafi guda na rubutun hannu yana cin minti 2 zuwa 3, saboda haka in minti 10 aka ba ku kada ku wuce shafi 4.

Hattara: in aikin rukuni ne, kada ku raba littafin babi-babi, kowa ya karanta nasa. Ku raba taurarin, amma kowa ya karanta littafin duka. Ranar gabatarwa kuma ku shiga da littafin da kayen a hannu, ƴan takardun nan na saƙale a wurarensu, domin in Mushe, wato malaminku, ya ɗago kai ya ce "a ina kuka ga haka?", ɗayanku ya buɗe shafin nan take ya karanta masa.